Akayau a Ƙafar Tanimu

Saura ƙiris in haɗiye labarin nan in bi shi da ruwa. Na farko dai mai abin yana nan da ransa, kuma ba ya son a riƙa nuna shi da baki. Na biyu, ni makaɗi ne, aikina in sa mutane su taka, ba in sa su yi tagumi ba. Amma kwanan baya na shiga mota daga Nyanya, sai ga wani saurayi da jaka a hammata yana yi wa fasinjoji lacca, wai ciwo a tunani yake, in ka ce ƙalau kake to ƙalau kake. Na dube shi sama da ƙasa, na ce a raina, ashe irin nan ba ta ƙare ba. Ina sauka na wuce wajen Tanimu na ce masa zan ba da labarinsa. Ya ce, "Ba da mana, Yaya Idi. Amma ka gaya musu na iya rawa."

To na gaya muku. Ya iya. Na buga ganga a Kumasi, na buga a Yamai, na buga a Injamena inda sauro ya kusa cinye ni da rai, ban ga ƙafar da ke jin kiɗa kamar ta Tanimu ba. Koroso yake yi. In ya tuma sama, kafin ya diro na isa in gyara hulata.

Mu 'yan ƙungiyar rawa ne ta wata ma'aikata a Ikko. In manya suka yi baƙi sai a fito da mu, kamar yadda ake fito da kwanukan tangaran. Da gwamnati ta fara kwaso kayanta zuwa Abuja, sai aka loda mu a bayan babbar mota tare da kujeru da fankoki, aka sauke mu a Nyanya, aka ba kowa ɗaki ɗaya ciki da kicin da komai. Garin duka jar ƙasa ne da katafila, gini nan, rami can. Ƙarshen damina ne, taɓo har idon sawu. Aka ce mu shirya, manyan ma'aikatarmu na nan tafe, mu za mu tarbe su a hanyar filin jirgi. Aka kuma raɗa mana cewa 'yan sahun gaba za a mayar da su cikakkun ma'aikata. Tanimu ya daɗe yana aikin wucin gadi, ga mata, ga yara biyu. Kun dai gane.

A nan aka turo mana sabon shugaba. Ba zan faɗi sunansa ba, mu dai Oga Kwas muke ce masa, don bai taɓa buɗe baki ba tare da ya ce "a kwas ɗin da na je" ba. Mutumin kirki ne fa ta wata fuskar, ba ya zagi, ba ya cin abincin kowa. Sai dai bai taɓa ɗaga ƙafa ya yi rawa ba ko a bikin ƙanwarsa. Kullum da safe sai ya jera mu kamar 'yan firamare, kowa ya ɗaga murya ya faɗi burinsa, shi kuma yana ce masa taget.

"Tanimu, mene ne taget ɗinka?"

"Sahun gaba, Oga!"

"Ka gaji?"

"Ba gajiya, Oga!"

"Idi, kai fa?"

Na ce, "Ni dai in ga an sauke tukunyar rana lafiya." Aka yi dariya, ya ce irina ne ke jan ƙasar nan baya. Ya kafa doka: ba a cewa na gaji, ba a cewa ba ni da lafiya, ba a cewa ba zan iya ba. Wanda ya faɗa, sahun baya. In an yi hutu kuma sai ya bi mu da gwangwanin gulukos yana zuba wa kowa a tafin hannu, wai ƙarfi.

To ga inda abin ya haɗu da tamu wautar, don kada a ce na ɗora wa mutum ɗaya. A ƙungiyarmu akwai wata al'ada tun ta iyayen gidanmu. Akayau, wato ƙarafan nan masu kacau-kacau da mai rawa ke ɗaurawa a idon sawu, a kan tsumma ake ɗaura shi da igiyar fata. Ɗan sahun gaba da ya zo filin atisaye ba akayau a ƙafarsa, to ya sallama wurinsa ke nan, na bayansa ya matso, ba sai an yi magana ba. Ba wanda ya rubuta wannan, ba kuma wanda ya taɓa karya shi.

Satin farko, ƙarfe ya ɗan goge Tanimu a ƙafar dama. Ɗan ƙurji ne, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Kowane mai rawa na da irinsa. Ya wanke, ya shafa man zafi, ya ɗaura. A sati na biyu wurin ya kumbura. Wata safiya na same shi yana kokawa da igiyar, da kyar ta zagaye. Na ce, "Ɗan'uwa, ƙafar nan taka ta fara ƙiba ta bar ka a baya." Ya yi dariya, amma daga ranar bai sake kwancewa ba. Ya lissafa cewa in ya kwance, gobe ba za ta ɗauru ba. Da shi yake kwana, da shi yake wanka. In zai yi alwala sai ya shafa ruwa a kai ya ce Allah Ya ga uzurinsa. Matarsa Asabe ta ce mini ko juyi ya yi a kan tabarma sai yaran su farka.

Ita ce ma ta fara lura da sauran abubuwan. Ta tare ni a bakin famfo ta ce, "Yaya, ƙaninka fa ba ya barci. Yana kwance yana ƙirga taku da yatsu. Ruwa kuwa kamar ana zuba wa rami, fitsari ba iyaka, har tururuwa ke taruwa a wurin. Ga shi yana ramewa." Na yi masa maganar asibiti. Ya ce bayan tarba. Na sake yi masa, ya ce, "Yaya Idi, kai makaɗi ne, ko a zaune ka buga. Ni in na je asibiti suka ce in huta, wa zai riƙe mini wuri?"

Sai masu shawara suka sauka. Allah Ya albarkaci Nyanya da likitoci marasa asibiti. Mai kemis na bakin tasha ya ba shi kafso ja da rawaya, ya ce ya sha ɗaya ya fasa ɗaya ya barbaɗa ta ƙarƙashin tsumman. Sunday direbanmu ya rantse da kabarin babansa cewa ba abin da ke busar da gyambo kamar man birki, ya kawo a kwalba. Kawun Asabe, wani Bazazzagi mai shagon atamfa a kasuwa, ya zo ya leƙa ƙafar daga nesa, ya gyara babbar riga ya ce, "Wannan ba ciwon asibiti ba ne. Wa ke bayanka a sahu?" Aka ce Garba. Ya ce, "To!" Ya tafa hannu kamar ya kama ɓarawo. Garba bawan Allah, wanda ko kaza ba ya iya yankawa, ya wayi gari Asabe ba ta amsa gaisuwarsa. Aka kawo rubutu, aka kawo turare, aka kawo wani ƙulli daga Kuchigoro da aka ce a binne a bakin ƙofa. Rediyon Tanimu ya tafi a wannan hidimar.

A sati na uku yana ɗingishi, amma da na ɗora hannu a ganga sai ɗingishin ya ɓace. Wallahi da idona na gani. Yana tuma yana murmushi, gumi na zuba, in an tsaya sai ya juya baya ya ciji leɓe.

Sai kuma wata safiya ya zo da fara'a har kunne. Ya ce, "Yaya, ya daina zafi! Ko ɗis ba na ji." Ya buga ƙafar a ƙasa ya nuna mini. Labari ya kai kunnen Oga Kwas. Zo ku ga murna. Ya fito da Tanimu gaban sahu, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kun gani? Wannan shi ne abin da aka koya mana a kwas. Ya gaya wa ciwo ba shi da lokacinsa, ciwo ya kama gabansa. Ku tafa masa!" Muka tafa. Ya ba shi gulukos tafi biyu.

Maƙwabciyarsu, Mama Ladi, Bagwariya mai sayar da doya, ita ba ta tafa ba. Ta shigo karɓar turminta, ta ja hanci ta ce, "Asabe, wannan ƙafa yana wari fa. Mijinka zai mutu, kuna ƙona turare." Asabe ta yi kuka, Tanimu ya ce wa Mama Ladi kowa ya ji da doyarsa.

Ana saura 'yan kwanaki tarba, muna atisaye a wani fili kusa da Lugbe, Tanimu ya tuma, ya diro, ƙafar ta ƙi karɓarsa. Ya zube a taɓo. Da na taɓa wuyansa kamar na taɓa murfin tukunya. Yana kwance yana karkarwa yana cewa, "Ba gajiya, Oga." Oga Kwas ya tsuguna yana ce masa ya tuna taget. Na ce, "Ranka ya daɗe, matsa mu ɗauki taget ɗin mu sa a mota."

Sunday ya kai mu ɗan asibitin da ke kusa. Suka ɗaga tsumman da bakin almakashi, suka mayar, suka ce mu wuce babba a cikin gari. A babban kuwa, layi ne ya fito har waje ya yi kwana. Rabin mutanen ciki sababbin zuwa ne irinmu, kowa da yarensa da zazzaɓinsa. Mai yankar kati ya tafi cin abinci. Da ya dawo ya ce ina takardar ma'aikata. Muka ce ɗan wucin gadi ne. Ya ce to layin can. Muka koma layin can, na can ya ce fayil ɗin irinmu bai iso daga Ikko ba. Na ce, "Malam, ƙafar dai ta iso, ga ta nan." Bai yi dariya ba. Asabe ta ji labari ta iso. Tanimu na kan benci, kansa a cinyarta, duk motsin da ya yi sai kacau, mutane na waiwayowa. Har la'asar muna nan. Wata nas ce mai suna Sista Rifkatu, Allah Ya saka mata, ta zo wucewa warin ya tsayar da ita. Ba ta tambayi kati ba, ta ce, "Ku ɗauko shi."

A ɗakin likita aka yi rigimar da ban taɓa ganin irinta ba. Igiyar fatar ta nutse cikin nama, sai an yanka. Tanimu da ko zama ba ya iyawa ya riƙe hannun Sista gam.

"Don Allah kada ku yanke. Ku yi mini allura kawai. Bayan tarba ni da kaina zan dawo."

Likitan wani ɗan kudu ne, Hausarsa ta kasuwa. Ya ce, "Wane tarba?"

Na yi masa bayani. Ya cire tabarau ya dube ni, ya dubi Tanimu, kamar yana neman wanda ya fi hauka a cikinmu.

Asabe ce ta raba gardamar. Ta sunkuya ta ce, "Baban Hadiza, ni ba sahun gaba na aura ba. Sake mata hannu." Ya saki. Aka yanke. Ba zan kwatanta muku abin da ke ƙarƙashin tsumman ba, wataƙila wani na cin abinci. Ni dai da na ga duniya, sai da na nemi taga.

Likita ya soka allura a tafin ƙafar ya ce, "Ka ji?" Tanimu ya ce a'a, har da ɗan alfahari, ya ce ai tuni ya daina zafi. Abin da likitan ya faɗa har gobe yana kunnena. Ya ce, "Ciwo da ya daina zafi ba warkewa ya yi ba. Wurin ne ya mutu." Aka auna jini, aka ce ciwon suga ne, ya daɗe a jikinsa bai sani ba. Rashin barci da fargaba da gulukos ɗin Oga duk sun taya shi aiki.

Aka ba shi gado. Kullum wanki, kullum yankan ruɓaɓɓen nama, kullum allura. Maganin da aka rubuta rabinsa babu a asibiti, sai na bi kemis-kemis a gari. Keken ɗinkin Asabe ya bi rediyo. 'Yan ƙungiya suka yi karo-karo, kuma wanda ya fi kowa zuwa dubiya Garba ne, shi ya ba da jini ma. Kawu mai atamfa ya zo sau ɗaya, ya ga Garba na yi wa Tanimu fifita, ya ja ni gefe ya ce, "Ka gani ko? Ya zo duba aikinsa." Mama Ladi kuwa ita ta riƙe yaran, kullum sai ta aiko da faten acca don likita ya hana tuwo mai nauyi. Ba ta taɓa cewa ai na faɗa ba. Ni da ni ne ita, da na faɗa sau goma.

Oga Kwas ma ya zo, da lemon kwalba katan guda, ya kawo wa mai ciwon suga. Ya tsaya a ƙafar gado ya ce, "Tanimu, ka sa wa kanka taget, ranar tarba kana kan ƙafarka. Ka faɗa da ƙarfi!" Tanimu ya buɗe baki zai faɗa. Asabe ta miƙe ta gyara mayafi ta ce, "Oga, sannu da zuwa, mun gode. Ƙofar tana nan inda ka bar ta." Ya fita yana cewa matsalar mutanenmu rashin kyakkyawan zato. Lemon dai masu jinyar gadon kusa suka sha, sun yi masa addu'a.

Ranar tarba na bar asibiti da sassafe na je na buga gangata, Garba a sahun gaba. Muka jeru a bakin titi tun hantsi, rana ta dake mu, yayyafi ya biyo baya. Can sai jiniya. Oga Kwas ya ɗaga hannu, na saki kiɗa, yara suka tuma. Motoci baƙaƙe suka zo fuu, gilasai a rufe, suka wuce. Ko sassautawa ba su yi ba. Kafin Garba ya gama juyi na farko sai bayan motar ƙarshe muke hange. Muka ci gaba da rawa muna yi wa wasu shanu da ke tsallaka titi, don ba wanda ya ce mu tsaya. Oga Kwas ya ce an yi nasara ƙwarai.

Da na koma asibiti na tarar Asabe a waje. Ruɓar ƙafar ta haura sama, zazzaɓi ya ƙi sauka. Likita ya ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa, yanzu zaɓi biyu ne, ƙafa ko mai ƙafa. Tanimu ya ce a bar shi ya tafi da abarsa. Na zauna kusa da shi na ce, "To shi ke nan. In ka tafi, Hadiza ta tashi aure, Kawu ne zai zama waliyyi, ya binciki wa ya yi wa ango sammu." Ya yi dariya, dariyar ta koma kuka. Washegari aka shiga da shi tiyata, aka yanke daga ƙasan gwiwa.

Bayan nan ne na fi jin tsoro, fiye da lokacin zazzaɓin. Ya juya fuska bango. Ba ya ci, ba ya magana, in na yi masa ba'a sai ya rufe ido. Mutumin da ya saba tashi da abin da zai kora, ya tashi ba komai a gabansa. Ɗinkin ma ya ƙi kamewa. Sista Rifkatu ce ta san kan abin. Ba ta ce masa zai warke ba, ba ta ce ya yi murmushi ba. Ta ce, "Malam Tanimu, yau zama kawai nake so, in gyara zanen gado." Ya zauna. Bayan kwana biyu ta ce tagar can tana son a rufe mata, hannunta da magani. Ya dogara sanda ya je, yana zaginta a hankali. Daga taga sai baranda, daga baranda sai famfo. Ranar da ya gaji ya ce ya gaji, ta ce to kwanta, gobe ma rana ce. Ashe buri ma magani ne, amma da cokali ake ba da shi, kuma sai an fara duba ciwon. Wanda ya hana ka cewa wayyo ba ƙarfafa maka gwiwa ya yi ba, toshe kunnensa ya yi.

Don haka masu rawa, da masu dambe, da duk mai ci da jikinsa, ku ji ni. Ƙurjin da ya ƙi warkewa a kai shi asibiti tun ana iya ɗaga tsumma. Ƙishirwa da yawan fitsari da rama, a je a auna suga. Man birki na mota ne. Kuma duk abin da kuka ɗaura a jikinku, ku kwance shi ku duba wurin, ko da na bayanku zai matso.

An sallame shi ya koma Nyanya. Takardar zama cikakken ma'aikaci ba ta fito wa kowa ba, har Garban. Oga Kwas an ƙara masa girma, na ji an tura shi wani kwas ɗin. Tanimu yanzu yana zama a bakin tasha da teburin goro da ashana, Asabe na ɗinki da keken haya. Ya yi ƙiba kaɗan, yana shan maganinsa, bakinsa ya dawo har ya fi da. Maganar ranar tarba kuwa bai taɓa ɗaukowa ba, ni ma ban kai masa ba.

Sai ranar nan da na je neman izininsa. Mun gama magana na miƙe zan tafi, ya kama bakin rigata. Ya ci gaba da jera goro, bai dube ni ba, ya ce, "Yaya Idi, ranar nan, da manyan suka sauko suka tsaya kallo, ba wanda ya tambaya ina mai tsallen nan na Ikko?"